Tambaya da Amsa: Wace Lamba Zan Murɗa In Kama Jirgin Asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani bidiyo daga Amurka, an yi haɗari a babbar hanya, wani ɗan kwana-kwana yana riƙe da oba-oba yana magana da matuƙin jirgin asibiti mai saukar ungulu, har jirgin ya sauka a tsakiyar titi. Mu ma muna da oba-oba a wurin aikinmu. Wace lamba zan murɗa in kama irin wannan jirgi idan buƙata ta taso?
Daga wani direban motar asibiti, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam direba, Allah ya ba da ladan aiki. Lamba guda wadda za ka murɗa a ko'ina jirgin asibiti ya amsa maka, babu ita. Abin da ka gani a bidiyon nan shiri ne da aka ƙulla tun kafin a yi haɗarin.

Rediyo iri biyu ne a cikin irin wannan jirgi. Na farko na harkar jiragen sama ne, wanda matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi da sauran matuƙa. Zangonsa daga megahaz 118 zuwa 137 ne, sama kaɗan da tashoshin FM da kake saurare a mota, waɗanda suka tsaya a 108. Amma shi da tsarin AM yake aiki, kuma da gangan aka bar shi a haka. A tsarin FM, idan mutum biyu suka danna lokaci guda, mai ƙarfi yakan haɗiye mai rauni gaba ɗaya, ba wanda zai san wani ya yi magana. A AM kuwa wata irin ƙara ce mai kama da fito za ta tashi, kowa ya gane murya biyu sun yi karo, a ce a maimaita.

Oba-oban da ke hannunka, da na 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, galibi FM ne. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa suna tsakanin 136 da 174, ko 400 da 470. Ko da lambarka ta zo daidai da ta matuƙi, sai ka zama mai yi wa kurma kiɗa. Shi ya sa ake ƙara wa jirgin asibiti rediyo na biyu, mai FM, wanda ma'aikatansa ke murɗawa zuwa layin mutanen ƙasa. Jirgin ne yake zuwa layinku.

To, wane layi? Kowace ƙasa da nata. A Amurka akwai 155.340, wanda aka daɗe ana amfani da shi tsakanin motocin asibiti da asibitoci, kuma wasu yankuna a kansa suke saukar da jirgi. Wasu kuma layin 'yan kwana-kwanan gundumarsu suke bayarwa. Ofishin da ya tura jirgin shi ke gaya wa ɓangarorin biyu layin da za su haɗu da sunan kiran kowa. A Suwizalan, ƙungiyar ceto ta Rega, wadda aka kafa a 1952, tana sauraron 161.300, har masu hawan duwatsu na iya kira a kai. Jamus da Ingila sun koma tsarin dijital mai suna TETRA, a wajejen 380 zuwa 400, wanda ake kulle zancen da ke cikinsa. Akwai ma wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane: layuka da yawa na FM suna da wani sautin ɓoye da kunne ba ya ji, idan rediyonka bai aika shi ba, na wancan ba zai buɗe ba ko da lamba ta yi daidai.

Irin waɗannan mitoci a miƙe suke tafiya, tudu da dogon gini suna tare su. Kai da ke ƙasa da ƙyar ka wuce 'yan kilomitoci. Jirgin da ke tsayin mita 300 kuwa muryarsa na iya kaiwa kusan kilomita 70, ta faɗa wa garuruwan da ba ruwansu. Don haka dokar Amurka ta taƙaita jirgin da ya hau layin mutanen ƙasa ga ƙarfin wat 10.

Ni a ganina abin da ake faɗa a layin ya fi lambar muhimmanci. Mutum ɗaya ne ke magana da jirgi, kuma ba ya haɗa wannan da wani aiki. Zai nemi fili mai kimanin mita 30 kowane gefe, ya faɗi inda iska ke kaɗowa, sannan ya lissafa duk abin da ke tsaye. Babban abin tsoro wayoyin wuta ne. Daga sama ba a ganin waya, takan saje da ƙasa, kai da ke tsaye ƙarƙashinta ne kake ganinta sarai. Falwaya, doguwar eriyar kamfanin waya, bishiya, duk a faɗa. Ana kwatance da fuskar agogo: hancin jirgi ƙarfe 12, damansa ƙarfe 3, bayansa ƙarfe 6. Ka ce kana ƙarfe 3, matuƙi ya duba damansa, ba damanka ba. Da jirgi ya fara saukowa kowa ya yi shiru a layin, sai in an hango matsala, nan ne mai riƙe da rediyo zai ce a fasa, kuma matuƙi zai tashi ba tare da tambaya ba. A irin ƙasarmu da rani sai ka ƙara da ƙura, domin farfela kan tayar da ita har matuƙi ya daina ganin ƙasa. In akwai motar ruwa, a yayyafa wa filin. Da dare kada a haska wa jirgi fitila a fuska, kuma kada kowa ya zagaya ta bayansa, inda ƙaramar farfelar wutsiya take.

Wani zai ce maka ai 121.5 ce lambar gaggawa ta duniya. Gaskiya ne, amma ta jirgin da ya shiga matsala ce, kamar yadda 123.1 take ta masu aikin nema da ceto. Kada ka sayo rediyon jiragen sama ka hau su. Laifi ne ba tare da lasisi ba, kuma dannawa ɗaya na iya rufe saƙon da rayuka suka rataya a kansa. A tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen a 1977, karon murya biyu a rediyo na cikin abubuwan da suka sa jirage biyu suka yi taho-mu-gama a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu.

A nan Nijeriya jiragen asibiti kaɗan ne. Idan asibitinku na hulɗa da wani kamfani ko hukuma mai irin jirgin, ka roƙi shugabanka su zauna tun yanzu su tsayar da layi, da sautin ɓoyensa, da sunan kira, da lambar wayar ofishin da ke tura jirgin, a gwada sau ɗaya da rana tsaka, a rubuta a liƙa a gaban motarka. Idan kuwa babu wannan shiri, ranar haɗari ka kira 112 ko ofishinku, su haɗa ka da masu jirgin.