Akwatin Wasiƙu: Makon Da Eagles Za Su Sauka Gidan Chiefs

Assalamu alaikum. Tun daren Juma'ar 5 ga Satumban 2025, da Los Angeles Chargers suka doke Kansas City Chiefs da maki 27 da 21 a Sao Paulo ta Birazil, a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, saƙonni suke shigowa. Masu bin wannan fili sun san ni mutumin Chiefs ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Shekara huɗu na yi a Kansas City ina karatu, can na kamu da son wasan, na dawo gida da shi. Na tsamo tambayoyi biyar. Sauran ku yi mini uzuri sai fitowa ta gaba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, ni mai kallon Firimiya ne. Na gwada kallon ƙwallon Amurka sau biyu, sai in ga ana gudu daƙiƙa biyar a tsaya, a sake jeruwa. Me ake nema a ciki?

Ƙanena, ƙasa ake nema. Tsawon filin yadi 100 ne, kowane ɓangare mutum 11. Wanda ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. In ya cika, a sake ba shi huɗu. In ya gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa galibi a dama ta huɗu suke buga ta nesa da ƙafa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6, a ƙara masa bugun maki 1. Bugun ƙafa tsakanin sanduna daga nesa maki 3 ne. Tsayawar da ke gundurar ka daƙiƙa 40 ce, kuma a cikinta ake wasan na gaskiya, kamar 'yan dara kowa na lissafin inda ɗan'uwansa zai saka.

Shawara ɗaya zan ba ka, wadda wani dattijo maƙwabcina a can ya ba ni ranar da ya kai ni Arrowhead, filin wasan Chiefs, cikin sanyin Disamba. Mun iso tun hantsi, filin ajiye motoci ya turnuƙe da hayaƙin gashi, kowa da murhunsa a bayan mota. Ya san ba na cin abin da suke gasawa, sai ya sa na zo da naman sa daga mahautar Musulmi, ni kuma na zo da yajin ƙuli daga gida. Da muka shiga ya ga idona na bin ƙwallo, sai ya dafa kafaɗata ya nuna mini ƙatti biyar da ke durƙushe a gaban majefi, wato kwatabak. Ya ce in kalli waɗannan kawai har a tafi hutu. Tun daga ranar nake fahimtar abin da nake gani. Ka gwada.

Tambaya daga wani mai shagon gyaran waya a Kano: Yallaɓai, kai da ka cika mu da Mahomes, majefin Chiefs, ga shi Philadelphia Eagles sun yi masa 40 da 22 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, yanzu kuma Chargers. Ba ka ganin tasa ta ƙare?

Ban gani ba, Alhaji, amma ba zan rage wa wancan dare zafinsa ba. 9 ga Fabrairun 2025 ne, a New Orleans, a nan kuwa sha biyu da rabi na dare aka take. Na ajiye fulas ɗin shayi, na cika batir tun yamma saboda wuta. Kafin a tafi hutu an yi mana 24 da nema. Yadi 23 kacal Chiefs suka ci a rabin farko gaba ɗaya. Wani yaron Eagles, Cooper DeJean, ranar da ya cika shekara 22, ya cafke jifan Patrick Mahomes ya ruga da ita har gida. Shayin nan haka ya huce ban sha ba. Na zauna har ƙarshe, sai da ya rage kaɗan a kira assalatu na kashe talabijin.

Me ya faru? Sau shida aka kayar da Mahomes da ƙwallo a hannu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda aka yi. A al'ada, in mai horar da 'yan baya yana son takura wa majefi, sai ya ƙara mutum na biyar ko na shida cikin masu kai farmaki, ya bar baya a buɗe. Mahomes ya fi kowa iya hukunta mai yin haka, don kafin su iso ya ga gurbin ya jefa. Vic Fangio, mai horar da masu tsaron Eagles, bai ƙara ko mutum ɗaya ba duk daren. Huɗun gaba kawai ya saki, bakwai suka koma baya suka toshe kowace hanya. Huɗun nan suka rinjayi biyar ɗinmu. To majefi ya ɗaga kai bai ga wanda zai jefa wa ba, ya waiwaya ga ƙato a wuyansa, ya zai yi?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ta daɗe. Duk kakar 2024 Chiefs ba su da tsayayyen mai gadin ƙofar hagu, wato ƙaton da ke can gefen hagu yana tsare bayan majefi, wajen da na-dame ba ya gani in ya juya zai yi jifa. An gwada mutum uku ba a dace ba, har aka ɗauko Joe Thuney daga gurbinsa na ciki aka kai shi can. An toshe ƙofa ɗaya an buɗe wata. An ci wasa 15 cikin 17 a kakar, gaskiya ne, amma 11 daga ciki da ƙyar aka sha, tazarar ba ta wuce maki 8 ba. Mu magoya baya muna ta murna, muna cewa ai mun iya cin wasa a ƙurarren lokaci. Ashe nasarar ce ta rufe mana ido.

Kuma ba yau aka fara ba. A Fabrairun 2021 Tampa Bay ta yi mana 31 da 9 a Super Bowl, lokacin masu gadin gefe biyun, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya. Bayan nan ƙungiya ta sake gina katangar: aka sayo Thuney, aka zaɓo Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a, sai ga kofi a 2023 da 2024 a jere. Mutumin da ya kai ƙungiya wasan ƙarshe sau biyar cikin shekara shida, ya ɗauki uku, kuma a Satumban 2025 yake cika shekara 30, ba a cewa tasa ta ƙare. Sau biyun da ya sha kashi, cuta ɗaya ce.

Tambaya daga wata malamar asibiti a Kaduna: Ni da maigidana za mu kalli wasan Lahadi. Shi Eagles yake yi, ni Chiefs. Me zan sa wa ido, kuma wa kake gani zai ci?

Hajiya, Allah ya bar ku tare, ya sa gardamar ta tsaya a falo. Wasan ranar Lahadi ne 14 ga Satumban 2025, ƙarfe 9:25 na dare agogon Najeriya da Nijar, don haka babu kwanan zaune.

Ki fara da gefen hagu na katangarmu. Thuney ya koma Chicago Bears. Wanda ke ƙofar hagu yanzu sabon shiga ne, Josh Simmons daga jami'ar Ohio State, da aka zaɓa na 32 a watan Afrilu. Da ba don gwiwarsa da ta samu rauni a Oktoban 2024 ba, da wuya ya kai hannunmu. Kusa da shi Kingsley Suamataia ne, wanda aka gwada a ƙofar hagun bara bai iya ba, aka mayar da shi ciki. Yara biyu ke nan gefe ɗaya, kuma a gabansu za a ajiye Jalen Carter, ƙaton layin gaban Eagles. An kore shi daga wasansu na farko da Dallas tun a daƙiƙun farko saboda ya tofa wa majefin Dallas, Dak Prescott, yawu, don haka da hutunsa zai zo, da kuma haushi. In kin ga Mahomes yana tsayawa daram ya ƙirga uku kafin ya jefa, muna lafiya. In kin ga tun farko yana gudu gefe, ki fara addu'a.

Abin da ke ba ni ɗan ƙwarin gwiwa: biyu daga cikin waɗanda suka fi gallaza mana a New Orleans sun tafi. Josh Sweat yana Arizona, Milton Williams yana New England. Sannan filinmu ne. A 2014 an auna ihun Arrowhead ya kai desibel 142.2, ya shiga kundin tarihi. Wannan ihu ba ado ba ne. Baƙi ba sa jin umarnin majefinsu, sai su koma magana da hannu da ƙafa, 'yan gabansu su makara da ƙiftawar ido, kuma ƙiftawar ido ita Chris Jones, ƙatonmu mai farmakar majefi, yake bukata.

Abin da ke hana ni barci kuwa masu karɓar jifa ne. An dakatar da Rashee Rice wasa shida. Xavier Worthy, mafi gudu a cikinsu, ya yi karo da abokin wasansa Travis Kelce a farkon wasan Birazil ya ji ciwo a kafaɗa. Kelce kansa yana dab da shekara 36, hannun na nan amma ƙafar ta rage. A wasan nan Mahomes ne ya fi kowa a ƙungiyar cin ƙasa da gudu, yadi 57. Majefi ya zama shi ne babban mai gudunki, wannan ba alamar lafiya ba ce.

Ta ɓangaren tsaro, kowa zai ce a tare Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo na Eagles, wanda ya ci yadi 2,005 a kakar 2024. To ai an tare shi a Super Bowl, yadi 57 ya samu a ɗauka 25, amma ba ta hana komai ba, don majefinsu Jalen Hurts ya yi ta jefawa ta saman kanmu. Steve Spagnuolo, mai horar da masu tsaronmu, mai son ƙara mutane a farmaki ne, kuma Justin Herbert, majefin Chargers, ya jefa yadi 318 a kansa makon jiya. Sannan kada a bar Eagles su zo saura yadi ɗaya. Suna da dabarar nan da Hurts ke dulmiya kai cikin ƙattinsa, na baya su tura shi kamar ana tura motar da ta maƙale a yashi. A watan Mayu ƙungiyoyi 22 suka kaɗa ƙuri'ar a haramta ta, ana bukatar 24, sai ta tsira.

Hasashena: wasa ne mai ƙarancin maki, ba irin na New Orleans ba, tazara ba za ta wuce 3 ko 4 ba. Zuciyata na Chiefs. Amma kin tambaye ni gaskiya, kuma a yau Eagles sun fi mu cikar mutane. Maigidanki ya ɗan fi ki hujja.

Tambaya daga wani direba a Maraɗi: Gaskiya ne alƙalan wasa na taimaka wa Chiefs?

Na san inda maganar ta fito. A wasanmu da Houston cikin Janairun 2025 an busa laifi biyu kan waɗanda suka taɓa Mahomes, kuma ni kaina na ga na biyun bai kai ba. A wasan Buffalo kuma, da aka tashi 32 da 29, an ce majefinsu Josh Allen bai cika yadinsa ba a dama ta huɗu, alhali mutane da yawa sun ga ya cika. Ba zan ce maka alƙalai ba sa kuskure ba. Amma ƙungiyar da ake nunawa kowane mako a babban lokaci, kuskuren da ya amfane ta kowa zai gani, wanda ya cuce ta a manta. A 2025 an kawo na'urar kyamara ta auna yadi 10 maimakon sarƙa, sai dai har yanzu mutum ne ke ajiye ƙwallo inda ya ga ta tsaya.

Tambaya daga wani uba a Jos: Ɗana shekararsa 16, dogo ne ƙaƙƙarfa, ya nace sai wannan wasa. Akwai ɗan Najeriya da ya taɓa yin nisa a ciki?

Akwai, Baba, kuma a Chiefs ɗin ma. Christian Okoye haifaffen Inugu ne, ɗan wasan jifan faifai. Ya tafi karatu jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya, bai taɓa wannan ƙwallo ba sai yana da shekara 23. Chiefs suka ɗauke shi a 1987, a 1989 ya fi kowa a gasar cin ƙasa da gudu, yadi 1,480. Lokacin da nake can, duk dattijon da ya ji daga inda na fito, sunan Okoye yake fara kira, fuskarsa a sake. Ranar Lahadin nan ma akwai Moro Ojomo a layin gaban Eagles, a Legas aka haife shi. Osi Umenyiora, da ya ci kofi biyu da New York Giants, shi ke jagorantar neman matasa a Afirka, an yi sansani a Akara a 2022, an yi a Legas a 2024.

Sai dai ina roƙon ka abu biyu. Kada ya bar makaranta, don ta jami'a mafi yawan 'yan wasan suke shiga, Okoye ma ta nan ya bi. Kuma kada ya yi wasan karo ba hular kwano da mai horarwa da ya san aiki. Bugun kai da ake maimaitawa yana taɓa ƙwaƙwalwa, hukumar gasar da kanta ta amsa haka a 2016, bayan tsofaffin 'yan wasa sun kai ta kotu. Akwai nau'in da ba a karo, ana fizge ƙyalle ne daga ƙugun mai ƙwallo, kuma an sa shi cikin wasannin Olamfik na Los Angeles a 2028. Da shi ya fara, ya riƙa gudu, ya riƙa ɗaga ƙarfe daidai shekarunsa. Ka rubuto mini tsawonsa da nauyinsa da yadda yake gudun mita 100, zan gaya maka gurbin da nake gani ya dace da shi.