Waƙoƙin Neil Young da na fi so

Ɗan'uwa, ka tambayi waɗanne waƙoƙin Neil Young, mawaƙin nan ɗan asalin Kanada, muka fi so, kuma da wacce sabon mai sauraro zai fara. Ni dai a wurina babu kamar "Cortez the Killer" ta 1975, wadda ya yi da ƙungiyar Crazy Horse. Ta haura minti bakwai, kuma sai ya shafe kusan rabinta yana kaɗa jita kafin ya buɗe baki. Ba ya gaggawa ko kaɗan. Yakan ja sauti ɗaya har sai ya ratsa ka. Ka sa abin ji a kunne, lasifikar waya ba za ta fito maka da ita ba.

Amma don farawa, nemi faifan Harvest na 1972. A ciki akwai "Heart of Gold", waƙarsa ɗaya tilo da ta kai lamba ta ɗaya a Amurka, da "Old Man", wadda ya rubuta kan dattijon da ke kula da gonarsa a Kalifoniya. Siririyar muryarsa takan kori wasu da farko, ka daure.

"Ohio" kuwa ta fushi ce: ya rubuta ta bayan sojoji sun harbe ɗalibai huɗu a Jami'ar Kent State da ke jihar Ohio ta Amurka a 1970.