Tambaya da Amsa: Yawan Ado Ne Ke Sa Mutum-mutumi Ya Yi Kyau?

Tambaya: Malam, ƙanena yana yawan nuna mini hotunan mutum-mutumin jaruman fina-finai da dodannin labaran almara, yana cewa aikin fasaha ne kamar zane. Ni kuwa kayan wasan yara nake gani. Ta yaya mutum zai gane wanda aka yi da gwaninta? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ƙanenka yana da gaskiya, ko da yake ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Masu wannan sana'a da yawa su ne ke yi wa fina-finai aiki. Kamfanin Weta Workshop da ke Wellington a ƙasar New Zealand, wanda ya ƙera makamai da sulken fina-finan The Lord of the Rings da suka fito daga 2001 zuwa 2003, shi ma yana fitar da irin waɗannan mutum-mutumai, haka nan Sideshow a Amurka da Prime 1 Studio a Japan. Mai sassaƙa yakan fara siffar da laka ko da manhajar ZBrush a kwamfuta, idan a kwamfuta aka yi ta sai a buga ta gunduwa-gunduwa da na'urar 3D, wadda ke fitar da siffar a zahiri, a yi mata mazubi, a zuba haɗin roba da garin dutse, sannan mai fenti ya bi ta da hannu. Idan ka ga an rubuta 1:6, ana nufin kashi ɗaya bisa shida na tsawon jarumin, wato kusan santimita 30.

Sai dai yawan ado ba shi ne gwaninta ba, domin manhaja tana iya watsa dubban ɓawo a jikin dodo cikin ɗan lokaci. Ka fara kallo daga nesa. Shin nauyin jikin ya sauka a kan ƙafar da ya kamata? Wanda ya ɗaga takobi, dole kafaɗarsa ta tashi, ƙugunsa ya karkata, mayafinsa kuma ya bi iska ta ɓangare ɗaya. Idan tsayuwar ta sandare, duk adon da aka jibga ba zai cece ta ba.

Bayan haka sai ka matso. A hannun gwani, ɓawon jikin dodo yana da faɗi a gadon baya, yana ƙanƙancewa a wuya da gwiwa inda fata ke lanƙwasa, tamkar na kada, kuma tsatsar sulke tana taruwa ne a lungunan da ruwa ke kwanciya. Fuska ta fi komai tona asiri: fatar mutum ba launi ɗaya ba ce, kunne da gefen hanci sun fi goshi ja, idanu biyun kuma dole su kalli wuri guda. A ganina, gwani shi ne wanda ya bar wasu wuraren sumul domin idon mai kallo ya huta kafin ya kai ga fuskar.

Tunda hotuna ƙanenka yake nuna maka, ka sani cewa hoton talla yawanci na samfurin farko ne, wanda babban mai fenti ya zauna ya yi wa aiki, kuma wanda ake sayarwa yakan ɗan gaza shi. Akwai kuma na jabu da ake zubawa daga jikin na asali, ana gane su da dushewar layuka da gaɓoɓin da ba su haɗu daidai ba.