Fatawa: Magidanci zai iya karɓe wayoyin iyalinsa na mako guda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne a Zariya, matata ɗaya da 'ya'ya biyar, babbar tana jami'a, autan shekararsa 3. Gidana ya koma kowa da wayarsa. In na dawo daga kasuwa na yi sallama, da ƙyar ake ɗago kai a amsa. Yaran kan raba dare suna kallo, Asuba kuwa sai rana ta fito. Autan ba ya cin abinci sai an kunna masa katun. Na yi niyyar idan an yi hutun makaranta in tattara wayoyin gidan, in kashe talabijin, a yi mako guda babu intanet. Uwargida ta ce da kuɗinta ta sayi wayarta, da ita take tallar atamfa da turaren wuta, da ita kuma take gaisawa da mahaifiyarta a Maraɗi. Wani abokina ya ce ware mako don ƙaurace wa halal bidi'a ce, kuma koyi ne da Turawa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Abin da ka yi niyya halal ne, kuma muna yi maka fatan lada idan ka gyara hanyar yinsa. Sai dai ikonka a kan mutanen gidan ba iri ɗaya ba ne, kuma maganar uwargidanka ta fi ta abokinka nauyi.

Bidi'a ita ce a ƙago abu cikin addini ana neman kusanci ga Allah da shi kansa. Waya kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da ake yi da ita, ajiye ta kuma tsarin gida ne. Ajiye halal saboda ya shagaltar yana da asali a Sunna. Nasa'i ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya sanya wani zobe, sai ya ce wa sahabbai wannan ya shagaltar da shi daga gare su a ranar, kallo ɗaya ga zoben, kallo ɗaya gare su, sannan ya jefar da shi. Ka lura, ɗan'uwa, abin da ya dame shi a nan shi ne haƙƙin mutanen da ke zaune da shi. Game da salla kuma, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa ya yi salla da wani mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm, sahabin da ya ba shi, domin ya ɗauke masa hankali.

Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka mayar da makon bakance, ko ka ce wa yara barin wayar kansa ibada ce. Annabi (SAW) ya ga Abu Isra'ila ya yi bakancen tsayuwa a rana, ba zama, ba magana, yana azumi, sai ya umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Ladanka yana cikin tarbiyyar da kake nufi.

Zancen koyi da Turawa ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da aka hana shi ne kwaikwayon ibadunsu da alamomin addininsu. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana saduwa da mace mai shayarwa, da ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Autanka yana cikin wannan, kuma karɓar shawarar likitoci ba laifi ba ne.

A kan yaran da ba su balaga ba, kana da cikakken ikon karɓe wayoyinsu, ko sun so ko sun ƙi. Allah ya ce a Suratut Tahrim, aya ta 6, mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta. Idan har ta tabbata raba dare ne ke kashe musu Asuba, to hana su waya da dare ya wuce halal, ya zama wajibi a kanka, musamman ga waɗanda suka isa a umarce su da salla. Abu Barza ya ce Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin Isha da hira bayanta. Saboda haka ni a wurina dokar dare ta fi makon muhimmanci. Mako zai ƙare, yara su koma gidan jiya. Amma a ce kullum bayan Isha kowa ya kawo wayarsa ɗakin baba a sa a caji sai an dawo daga masallaci da Asuba, wannan shi ne ƙaramin aikin da ke ɗorewa, irin wanda hadisi ya ce Allah ya fi so. Ka yi makon in ka ga dama, amma ya zama mafarin wannan doka.

Babbar 'yarka baliga ce, kuma sanarwar darasi da jarrabawa yanzu ta WhatsApp take zuwa. Ka ja ta a jiki ka sa ta cikin shawara, ƙannenta za su fi bin ta.

Uwargida kuwa ta faɗi gaskiya. Dukiyar mace tata ce, aure bai mallaka wa miji ita ba. Ko sadakin da kai ka bayar, Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 4, ba ka cin komai daga ciki sai da daɗin ranta. Don haka bai halatta ka ƙwace wayar da ta saya da guminta ba. Bai halatta ka karya sana'ar da ka yarje mata ba, alhali akwai masu jiran kayan da suka riga suka turo kuɗinsa. Yanke ta daga mahaifiyarta ya fi duka muni, tsohuwa tana wata ƙasa tana jiran muryar 'yarta. Abin da kake da shi a kanta shi ne ka nemi ta ajiye wayar a lokutan da haƙƙinka da na yara ya taso, kamar lokacin cin abinci da bayan Isha, ita kuma ya kamata ta amsa, domin wannan yana cikin biyayya da kyautatawa. Hadisin da ya ce namiji makiyayi ne a kan iyalinsa, shi ne ya ce mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa. Ko yaye, Allah ya rataya shi a kan yardar iyaye biyu da shawararsu a Suratul Baƙara, aya ta 233. Ku zauna ku biyu kafin yara su ji labari. Za ku iya ware mata awa ɗaya ko biyu da hantsi don ciniki, a kuma bar ƙaramar waya mai tocila a kunne saboda kiran dangi da larura.

Wayoyin da aka damƙa maka amana ce. Kada ka buɗe saƙon matarka ko na babbar 'yarka don sun shigo hannunka, Suratul Hujurat ta hana bin diddigi. Duba wayar ƙananan yara kuwa tarbiyya ce, amma su san kana dubawa.

Akwai abin da ban gani a tambayarka ba, wato taka wayar. Allah yana cewa a Suratus Saff, don me kuke faɗin abin da ba ku aikatawa? Taka ce za ta fara shiga akwatin ajiye wayoyin, a gaban idonsu. Kuma ka shirya abin da zai cike gurbin, domin yaron da aka karɓe wa waya aka bar shi zuru zai tafi maƙwabta ya kalla. Ka dawo gida da wuri, ku ci tuwo a kwano ɗaya, ka saurari haddarsu, ka kai su gidan kakanni, uwarsu ta yi musu tatsuniya. Autan zai yi kuka ya ture abinci a kwanakin farko. A rarrashe shi, kada a doke shi, kada kuma a miƙa masa wayar don a huta.

Idan uwargida ta ƙi shiga makon gaba ɗaya, ka yi shi da kanka da yara, babu zunubi a kanta matuƙar ba ta tauye haƙƙin kowa ba. Ina roƙon ka da girman Allah, kada fushi ya sa ka ce mata in ta taɓa waya a bakin aurenta. A mazhabar Malikiyya da wurin mafi yawan malamai, sakin da aka rataya a kan sharaɗi yana aukuwa da zarar sharaɗin ya faru, ko da barazana kawai ka yi nufi.

Allah ne mafi sani.