Me ya sa makina ba ya wuce matakin B a wasan bidiyo na Devil May Cry 5?

Ɗan'uwa, abin da ke riƙe maka maki shi ne maimaita sara iri ɗaya. Wasan yana auna yawan salon da ka sauya ne, kuma duk bugun da aljani ya yi maka yana zubar da makin.

Idan da Nero, ɗaya daga cikin jaruman wasan, kake bugawa a PS4, riƙe maɓallin R1 ka danna Circle ka jawo aljanin, sannan R1 da tura sandar tafiya baya da Triangle ka cilla shi sama, ka bi shi da sara, ka cike tazara da bindiga a Square. Danna L2 daidai lokacin da takobi ya sauka, wutar Exceed, mai ƙara wa takobin ƙarfi, za ta kama. Nan ne sai an yi ta gwaji. Kada ka yi amfani da Devil Breaker, wato hannun ƙarfen Nero, ana kawo maka hari, karyewa yake yi.