An gama tiyata lafiya, me ya sa majinyaci ke rikicewa bayan kwana biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyatar wani ƙaramin asibiti. Likita ɗaya gare mu mai yin fiɗa, yawancin aikinmu kuma ciro jarirai ne da aikin ciki na gaggawa. Abin da ke damuna, sai a gama aiki lafiya, bayan kwana biyu ko uku jikin majinyaci ya rikice, wani ɗinkinsa ya yi ruwa, wani ma ya rasu. Idan mun yi magana sai a ce mu jira a kawo sababbin na'urori. Shin babu abin da za mu iya yi kafin nan? Kuma ta ina ake fara gyaran harkar tiyata a ƙasashe masu tasowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Sista. Allah ya ba da ladan aiki. Akwai abin yi, kuma kaso mai tsoka daga cikinsa yana hannun ma'aikatan jinya, ba ya jiran wata na'ura.

Abin da kika lura da shi ba a asibitinku kaɗai yake ba. A 2018 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, inda aka bibiyi majinyata fiye da 11,000 da aka yi wa tiyata. Kusan ɗaya cikin biyar ya samu matsala bayan aiki, kashi 2 cikin 100 kuma suka rasu. Waɗannan majinyata sun fi na ƙasashe masu arziki ƙuruciya da ƙoshin lafiya, amma a tiyatar da aka tsara tun da wuri, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran duniya sau biyu. Ga abin da ya fi dacewa da tambayarki: kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu, ba a ranar tiyatar suka rasu ba. Sun sauko daga gadon fiɗa da ransu. A ɗakin kwanciya jini ya ci gaba da zuba a ciki, ko numfashi ya ja baya, ko ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ba a farga ba sai da lokaci ya ƙure.

Don haka ni daga nan nake cewa a fara, daga gadon da ake mayar da majinyaci. Jiki ba ya faɗuwa farat ɗaya. Yakan yi awanni yana ba da alama. Bugun zuciya ya haura 120, awon jini na sama ya sauka ƙasa da 90, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, mutumin da ɗazu yake hira yanzu ya koma sambatu ko barci mai nauyi. Auna waɗannan da rubuta su bai wadatar ba. Sau da yawa za ki buɗe fayil ɗin wanda ya rasu ki tarar an rubuta lambobin tsaf, suna ta lalacewa awa bayan awa, amma babu wanda ya ɗaga waya. Abin da ake bukata shi ne ku zauna da likitanku ku amince da iyaka a rubuce: idan lamba ta kai kaza, a kira shi, ko ƙarfe nawa ne, kuma ba laifi ba ne idan ya zo ya tarar ba wani abin tashin hankali. Wanda aka yi wa babban aiki a ajiye gadonsa inda nas za ta riƙa ganinsa daga mazauninta. Mai jego da aka ciro wa jariri a riƙa duba ta kowane minti 15 a awannin farko, a taɓa mahaifa a ji ko ta ɗaure, a duba ƙunzugu. Ɗan'uwan da ke zaman jinya ma a gaya masa alamomin da zai gani ya kira nas da gudu.

Sai dai kada in yaudare ki. An gwada irin wannan tsari na ƙara sa ido a asibitocin Afirka masu yawa, sakamakon da ya fito a 2021 kuma bai nuna raguwar mace-mace ba. Asibitoci da dama sun kasa aiwatar da shi yadda aka tsara, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: nas ɗaya da dare ga ɗaki cike da majinyata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ta ga alamar, idan babu jini a ma'ajiya ko babu iskar oksijin, ganin bai ceci kowa ba. Wannan hujja ce da za ki riƙe idan kin je gaban shugabanni, cewa ƙarin nas a aikin dare ya fi wata na'urar amfani.

Batun ɗinki mai ruwa kuwa, a cikin ɗakin tiyata ake shuka shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici, kashi 11 cikin 100 na waɗanda aka yi wa fiɗa cuta na shiga musu miki, a Afirka kuma abin yakan kai kashi 20 ga matan da aka ciro wa jarirai. Fara da kayan aiki. Almakashi ko matsen da aka bari jini ya bushe a gaɓarsa, ko an saka shi a tukunyar tururi, ba lallai ya tsarkaka ba, domin busasshen jinin yana kare ƙwayoyin cutar da ke ƙarƙashinsa. Wanki da buroshi shi ne rabin aikin. Tafasawa a ruwa ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta. Sai tururi mai matsi, zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, naɗaɗɗun kaya kuma sun fi haka daɗewa. Tef ɗin da ake mannawa a bayan ƙunshi, sauya launinsa yana nufin ƙunshin ya shiga zafi ne kawai, bai ce tururi ya ratsa ciki ba, don haka a riƙa sa irin wannan alama mai sauya launi a tsakiyar ƙunshin. A daina cusa kaya har tukunya ta cika maƙil, kuma duk ƙunshin da ya fito da danshi a ɗauke shi a matsayin gurɓatacce.

Akwai al'adu biyu na aiki da suka daɗe, da ya kamata a bari. Na farko aske gashi da reza kafin tiyata: reza tana yi wa fata ƙananan yanka, nan ƙwayoyin cuta ke samun mafaka. In gashin ya zama dole a cire, a yi amfani da injin aski. Na biyu, ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan an gama aiki, a yi ta ɗura shi har mako guda. Ƙa'idojin hukumar na 2016 sun ce a ba da shi kafin a yanka fata, cikin minti 120 da suka gabaci yankan, kuma kada a ci gaba da shi bayan aiki don rigakafi kawai. A wani gwaji da aka buga a 2022, wanda aka yi a ƙasashe bakwai har da Nijeriya, Gana, Benin da Ruwanda, canza safar hannu da kayan aiki kafin rufe ciki ya rage shigar cuta daga kusan kashi 19 zuwa 16. Nas ce ke tanadar wannan tiren na biyu na kayan canji.

Na san kin san takardar tantancewa mai tambayoyi 19 da hukumar ta fitar a 2008, wadda ake karantawa sau uku: kafin allurar barci, kafin yanka, da kafin fitar da majinyaci. Lokacin da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8. Amma da aka wajabta ta a asibitocin Ontariyo ta Kanada, binciken 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar iri ɗaya ce. Abin da ya bambanta shi ne yadda aka riƙe ta. Idan nas ce ke cike ta ita kaɗai a lungu bayan an gama aiki, ɓarnar biro ce. Amfaninta yana cikin dakatawar nan da kowa zai yi shiru, a faɗi sunan majinyaci da ɓangaren da za a yanka, a tambaya ko an ba da magani, ko an tanadi jini. Kuma idan ƙidayar auduga da allurai ba ta cika ba, nas tana da ikon cewa kada a rufe ciki. A nan gizo ke saƙar, domin ƙaramar ma'aikaciya ba ta iya tsayar da babban likita sai in shi da bakinsa ya ba ta wannan izini a gaban kowa. Ki nemi likitanku ya yi hakan. Mu likitoci mu ne muka fi kawo cikas a wannan wuri, ba ku ba.

Ba cewa nake na'urori ba su da amfani ba. A nemi waɗanda ake bukata kullum tukuna: 'yar na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, iskar oksijin ɗin kanta, injin zuƙe majina da jini, fitila mai batir, da tukunyar tururi mai aiki. Wani ƙiyasi na 2010 ya nuna ɗakunan tiyata fiye da 77,000 a duniya ba su da ko na'urar yatsan nan, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 don rarraba ta. Babbar na'urar da aka kawo kyauta, babu mai gyara, babu kayan canji, kuma wuta ba ta tsayawa, takan ƙare a sito.

Ga ɓangaren tambayarki na biyu, kwamitin Lancet na 2015 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba sa samun amintacciyar tiyata mai sauƙin kuɗi a lokacin da suke bukata, ya kuma sa burin ƙwararrun likitocin fiɗa, na allurar barci da na haihuwa 20 ga kowane mutum 100,000. Binciken Afirka da na ambata ya tarar ba su kai ko ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba. Horar da su zai ɗauki shekaru, shi ya sa ƙasashe irin su Mozambik da Malawi suka daɗe suna koya wa jami'an lafiya waɗanda ba likitoci ba yin fiɗa. Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne wannan lissafi bai ƙirga nas ɗin tiyata ba, kuma asibitoci da yawa sai nas ta ƙware a ɗakin fiɗa a ɗauke ta a mayar da ita wani sashe, a kawo sabuwa a fara daga farko.

Kafin ki je wurin shugabanni, ki buɗe littafi. Kowane aiki a rubuta irinsa, lokacin ba da magani, ko ƙidaya ta cika, ko miki ya yi ruwa, ko majinyaci ya fita da rai. A karɓi lambar wayarsa a kira shi bayan kwana 30, domin miki da yawa sai an koma gida yake ruɓewa. Ƙarshen wata ku zauna, likita da nas da mai allurar barci da mai wanke kaya, ku duba kowace mutuwa ba don neman mai laifi ba, ku zaɓi abu ɗaya da za ku gyara kafin zama na gaba.