Na sha yin nutso, amma ban taɓa ganin dodon koɗin teku ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Jidda, kuma na samu shaidar koyon nutso ta matakin farko. Na sha shiga Bahar Maliya da ƙaramar kyamara ina neman dodon koɗin nan masu launi da nake gani a hotuna, amma ko ɗaya ban taɓa cin karo da shi ba. 'Yan ƙananan halittun da na samu na ɗauka kuwa, hotunan sun fito shuɗi-shuɗi, cike da ɗige-ɗige kamar ƙura. Kyamarar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɗora wa kyamara laifi tukuna. Ni saurinka na fi zargi. Ba na shakka ka sha wucewa ta kansu ba ka sani ba, domin galibinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, wasu ma kamar ƙwayar shinkafa suke.

Waɗannan halittu da masana ke kira Nudibranchia dangin dodon koɗi ne, sai dai ba su da ɓawo idan sun girma. An san ire-irensu sama da 3,000. Abin da zai taimake ka shi ne sanin cewa kusan kowane iri yana da abincin da ya liƙe masa, wasu soson teku, wasu 'yan ƙananan halittu masu harbi da ke kama da gashin tsuntsu a jikin dutse. Ba sa yin nisa da akushinsu. Saboda haka ka daina neman dabbar, ka nemi abincinta. A tekun da kake shiga akwai Chromodoris quadricolor, mai ratsin baƙi da fari da gefe ruwan lemo, tsawonsa wajen santimita 5. Jan soso mai rassa da ake kira Negombata yake ci, har ya tara gubar soson a jikinsa don kada kifi ya kusance shi. Duk inda ka ga wannan jan soso, tsaya ka duba shi reshe-reshe, har da ƙarƙashinsa. Wata alamar kuma ƙwansu ce: suna zuba shi a nannaɗe kamar zare ko ƙyalle a jikin dutse. In ka ga sabo, mai shi yana kusa.

Da dare ma akwai rabo. Hexabranchus sanguineus, ƙaton ja wanda kan kai santimita 40, da dare yake fitowa, kuma Bahar Maliya gidansa ne. Amma nutson dare sai da horo da ƙwararren jagora.

Mai wannan nema yakan ƙare tukunyar iskarsa a filin da bai wuce tsakar gida ba. Abin da ya sa mashigin Lembeh a Indonesiya da Anilao a Filifin suka yi suna ke nan: baƙin yashi ne da tarkace, babu kyan gani daga nesa, amma wanda ya sunkuya ya yi haƙuri sai ya ga abin mamaki. Ka faɗa wa abokin nutsonka tun a jirgi cewa yau ba yawo za ku yi ba, don kada ya tafi ya bar ka.

Batun hoto kuwa, ruwa ne ke shanye launi. Ja ke fara ɓacewa, tun daga wajen mita 5, sai ruwan lemo da rawaya su bi baya, shuɗi ya rage shi kaɗai. Dole ka sauka da haskenka, ko filas ko tocila mai ƙarfi, ka kuma matsa kusa sosai, domin duk ruwan da ke tsakaninka da dabbar ɓata hoto yake yi. Ɗige-ɗigen da kake gani ƙurar ruwa ce da hasken filas ya daka ta dawo cikin idon kyamara. Maganinta a ɗauke fitilar daga jikin kyamara, a ɗora ta a kan sandar riƙe fitila ta haska daga gefe ko daga sama. Ƙaramar kyamara irin Olympus TG tana da tsarin ɗaukar abu na kurkusa, kuma ta ishi mai farawa. Ka sauko daidai da fuskar dabbar maimakon ɗauka daga sama, ka saita kaifin hoton a kan ƙahonin nan biyu na kanta, waɗanda da su take sansano abinci. In ƙahonin sun fito tangaram, hoto ya yi, ko da bayan ya ɗan dushe.

Sai dai rabin wannan ƙurar ƙafarka ce ke tayar da ita, kuma nan ne nake so ka saurare ni da kyau. In har ba ka iya tsayawa cak a ruwa ba tare da ka dafa komai ba, ajiye kyamarar a jirgi na wasu 'yan nutso, ka koyi daidaita jikinka da numfashi. Mai dafa ƙasa yana karya murjani, yana kuma iya ɗora hannu a kan kifin dutse, wanda dafinsa ba abin wasa ba ne. Kyamara kuma tana ɗauke hankali. Mutum ya zuba ido a kan allo ya manta da agogon iska, ko ya riƙe numfashi don kada hannunsa ya motsa, alhali riƙe numfashi yayin da jiki ke tasowa yana iya yaga huhu. Shaidarka ta tsaya a mita 18, kada wani dodon koɗi ya ja ka ƙasa da haka. Ka fara hawowa da sauran iska, aƙalla bar 50 (ma'aunin matsin iska) a agogon iska, ka tsaya minti 3 a mita 5.

Akwai wata ɗabi'a da ke ci mini rai: wasu sukan sa tsinke su ɗauke dabbar daga kan abincinta su ɗora ta inda hoto zai fi kyau, wani lokaci jagora ne ma ke yi don ya faranta wa baƙo. In aka yi maka haka, ka yi alama da hannu cewa ba ka so. Jikinsu laushi gare shi, kuma da an taɓa su sai su janye ƙahoninsu, hoton da kake nema ma ya ɓaci. In dabbar ta ba ka baya, zagaya gabanta ka jira, da kanta za ta rarrafo ta iske ka.